Faifai Huɗu, Kujera Ɗaya

Litinin, 12 ga Mayu, 2025. Kalgo.

"Anti Ruƙayya, ba katin ne ya mutu ba fa."

Haka Mufida, abokiyar aikina, ta faɗa daga bayana, tana leƙen kafaɗata, sukudireba a hannu kamar mai shirin cin tuwo. Na ce na gode da ra'ayinta. Na riga na rubuta wa shugabanmu Dakta Abdulgani takarda shafi biyu cewa katin jabu ne, a mayar wa mai shi Legas. Har da jadawali a ciki.

Bari in rubuta abin a tsare, ko na huce. Sabar cibiyarmu, babbar na'urar da ke ajiye hotunan tsofaffin littattafan hannu da muke ɗaukowa daga gidajen malamai, ta cika. Aka sayo kati mai ɗaukar ƙananan faifai huɗu, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, a soka shi a gurbi ɗaya na bod, babban farantin da ke cikin sabar. Na soka. Saba ta ga faifai ɗaya. Sauran ukun kamar ba a halicce su ba. Kwana uku ina fama.

Ashe da na tafi sallar azahar Mufida ta yi ta sauya musu wuri. Duk wanda ta sa a gaba, shi ake gani. Kuma fitilun katin huɗu duk suna kamawa. Ta ce, "Ke nan faifan lafiya lau, katin ma lafiya lau. Wani abu na a bod bai buɗe ba."

Wata huɗu ke nan da zuwanta. 'Yar Wurogauri ce, difloma gare ta, shekara biyar tana gyaran waya a wata rumfa a Birnin Kebbi. Ni shekara shida a ɗakin nan, digiri biyu.

Ƙarshen Yuni aikin zai ƙare. Masu tallafi sun ce mutum ɗaya za a riƙe a ɗakin saba. Har zuwa safiyar yau ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin tambaya ba.

Talata, 13 ga Mayu.

Ta yi.

Ta nemi izinina ta shiga Bayos, shafin nan mai shuɗi da ke fitowa kafin komai ya tashi. Na ce bismilla, da muryar wadda ta san ba za a samu komai ba. Ta yi ta nitsewa, menu cikin menu, tana karanta Turancin da baki a hankali kamar mai tilawa. Sai ga shi. Gurbin yana da layi goma sha shida, kuma in ba a ce masa komai ba duka yake miƙa wa abu ɗaya. Ta canza shi ya raba su huɗu-huɗu, gida huɗu. Karon farko bai yi ba, domin sunan da Bayos ke kiran gurbin daban yake da lambar da aka buga a jikin bod. Na fara jin daɗi. Ta ɗauki biro tana gwada su ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa a tafin hannunta. A na uku, faifai huɗu suka jeru a allo.

Dakta ya shigo ya ce a yi masa bayani yadda zai gane. Na buɗe baki. Ta riga ni.

"Ranka shi daɗe, awa ruwan fadama na. Kwata guda ta, fangali huɗu. In ba ka yanka mata baki huɗu ba, fangalin farko shi ka shanye ruwan duka, sauran su bushe."

Ya yi dariya har da tafi. Mutumin da tun da na san shi bai taɓa gane komai game da sabar nan ba, yau ya gane, har yana maimaita wa Godwin mai ɗaukar hoto a baranda.

Abin haushin, na san wannan. A shekarar ƙarshe ta jami'a na rubuta jarrabawa a kansa, na ci. Na san sunansa na Turanci mai tsawon nan. Ban dai taɓa kawowa yana zaune a cikin menu yana jiran wani ya danna ba.

Dakta ya dawo mini da takardata a ninke biyu. Da ya yaga ta da ya fi.

Laraba, 14 ga Mayu.

Yau har mai shara "Injiniya" take kiran ta.

Alhamis, 15 ga Mayu.

Na haɗa faifan huɗu suka zama rumbu ɗaya, ta yadda in ɗaya ya mutu sauran ukun za su riƙe kayan. Aikin yini guda, mai tsabta, babu kuskure ko ɗaya. Ba wanda ya tafa. Ba shi da misalin fadama.

Na kwashe hotunan duka cikin sabon rumbu. Da yamma Dakta ya ce a goge tsofaffin faifan waje, a ba su Godwin ya tafi da su Ceberu, akwai gidan malamai biyu da suka yarda a ɗauki nasu. Na ce, Dakta, su ne kaɗai kwafinmu na biyu, a bari har sababbi su iso. Ya ce sababbi sai Yuli, malaman Ceberu kuma ba sa jira. Sannan ya juya: "Injiniya, sabar ta zauna ko?"

Ta ce, "Ta zauna, in sha Allah, amma maganar Anti..."

Bai ji ƙarshen ba. Rabin farkon yake nema.

Na goge. Na rubuta a littafin aiki cewa da umarninsa ne, na ja layi biyu a ƙasa.

Asabar, 17 ga Mayu. Gwandu.

Na zo gida don in huta da sunanta. Ban ajiye jaka ba Inna ta ce, "An ce wata ɗiya ta gyara muku injin da ya gagare ku?"

Na ce wa ya ce ya gagare mu.

"Direban ofishinku ya hwaɗa ma Larai a kasuwa. Ke mi kika yi tsawon shekarun ga?"

Ba da mugunta ta tambaya ba. Shi ya sa ya fi zafi.

Da la'asar na shiga gaida Baffa Sirajuddeen. Littattafan kakansa arba'in da ɗaya muka ɗauka a watan Fabrairu, kuma sai da na yi shekara biyu ina zuwa ina durƙuso kafin ya yarda su bar zaurensa na mako biyu. Ni. Ba Dakta ba, ba kowa ba. Yau na same shi ya baza wasu a tabarma. Ruwan farko na daren Laraba ya bi ta rufi ya sauka kan akwati ɗaya. Tawada ta narke. Ya ɗaga mini wani shafi, rubutun ya zama kamar an zubar da shayi a kai. Guda bakwai haka.

Ya ce, "Da na yi kuka, ɗiyata. Sai na tuna suna nan cikin injinku. Allah shi yi muku albarka, ke da yarinyar nan mai hannu."

Har shi.

Talata, 20 ga Mayu. Kalgo.

Akwai wani shafi da saba ke rubuta lafiyar jikinta: zafi, gudun fanka, ƙarfin wuta. Ba wanda ke karanta shi sai ni. Yau layi ɗaya ya zama ruwan ɗorawa. Ƙaramin batirin da ke manne a bod, mai kama da maɓallin riga, ya kusa ƙarewa. Ba mamaki, sabar tokumbo ce, Allah kaɗai ya san shekarunta.

Batirin nan shi ke riƙe abin da aka faɗa wa Bayos idan wuta ta yanke gaba ɗaya. Muddin imbata, na'urar da ke tara mana wuta a batura, na ba saba wuta, ba a buƙatarsa. Ranar da imbata ta mutu, Bayos zai manta komai. Gurbin zai koma gida ɗaya. Faifai uku su ɓace, rumbu ya ɓace tare da su. Ba abin da zai goge, suna nan a kwance, minti goma ya isa a dawo da su, ga wanda ya san abin da ya faru. Ga wanda bai sani ba, zai ga kamar gyaran Injiniya ne ya tarwatse.

Na kalli layin na wani lokaci. Tana gefena tana ɗaure wayoyi da kyauro, tana 'yar waƙa a hanci.

Na rufe shafin.

Ba ɓoyewa na yi ba. Shafin a buɗe yake ga duk injiniyan da ya san da shi.

Alhamis, 22 ga Mayu.

Ta kawo mini soyayyen kifi a ƙullin takarda, wai babanta ne ya kama, mahaifiyarta ta ce a kawo wa "uwar ɗakinta." Na ci. Yana da daɗi, abin takaici.

Muna ci ta ce in koya mata yadda na haɗa rumbun. "Wallahi Anti, na kalli abin da kika yi waccan Alhamis, ban gane ko ɗaya ba. Ni hannu gare ni. In abu ya ƙi, in taɓa nan in taɓa can. Amma in an ce mi ya sa, sai in yi tsuru."

Na ce wata rana.

Ta ce ta ji za a yi mana ganawa da Turanci kafin a zaɓa, Turancin kuma tsoro yake ba ta. Rumfarta ta kasuwa kuma an riga an ba wani, ranar da ta karɓi aikin nan. Ta faɗa tana suɗar ƙaya, ba neman tausayi ba. Da tana neman tausayi da na ji sauƙi.

Na so in tsane ta sosai. Ba ta bayar da haɗin kai.

Laraba, 28 ga Mayu.

Madam Maryamu daga wajen masu tallafi ta zo daga Abuja. Dakta ya sa aka sake ba da labarin fadama. Yanzu fangalin sun samu shinkafa, har da tsuntsaye. Madam ta ce a ɗauki Mufida hoto don mujallarsu, riƙe da sukudireba a gaban saba. Sabar a kunne take, ba wanda zai kusance ta da ƙarfe, amma hoto ba ya tambaya.

Aka ce in matsa kaɗan, inuwata tana shiga.

Na matsa.

Madam ta tambaye ni aikina. Na ce ni ce wadda ke sa abubuwa kada su lalace. Ta ce, "Madalla," tana duban wayarta. Gaskiyarta. Wanda ke hana abu lalacewa ba shi da labari. Sai abu ya lalace ake samun gwani.

Litinin, 2 ga Yuni.

Layin ya koma ja.

Alhamis, 5 ga Yuni.

An tashi hutun Babbar Sallah, sai Talata. Malam Abu mai gadi, wanda ke tayar da janareta in imbata ta yi ƙasa, ya tafi gida yanka ragonsa. Wanda zai riƙe masa ƙofa bai san ko inda ake zuba mai ba. Kwana uku ke nan ba wutar gari, sama kuma a rufe, sola ba ta samun abin kirki. Dakta ya ce a bar saba a kunne, Godwin zai turo hotuna daga Ceberu.

A hanyar tasha na tsaya wajen mai gyaran agogo na sayi batirin. Ban san dalili ba. Ofis na bayana, tafiyar minti bakwai, makulli na jakata. Na tsaya a bakin titi har wani mai babur ya tambaye ni ko lafiya.

Na shiga motar Gwandu.

Asabar, 7 ga Yuni. Gwandu.

Ruwa tun jiya bayan an sauko idi. Inna na suyar nama a rumfa tana faɗa da hayaƙi. Ni ina lissafin awa nawa imbata za ta kai ba rana. Na san amsar. Tun jiya da azahar ta mutu.

Baffa Sirajuddeen ya aiko da cinya guda, wai ta masu inji.

Ban iya ci ba. Na ce wa Inna maiƙo ne ya yi mini yawa. Ta dube ni irin duban nan nata ta ce, "Tun kina ƙarama in kin yi abu ba ki cin nama."

Ban yi komai ba. Wannan ita ce maganar. Ban yi komai ba.

Talata, 10 ga Yuni. Kalgo.

Kamar yadda na lissafa. Malam Abu ya tayar da janareta, saba ta tashi, agogonta na cewa muna shekarar da ban ma gama jami'a ba. Faifai ɗaya. Rumbu babu.

Mufida ba ta iso ba, ruwa ya cinye hanyar Wurogauri. Dakta ya tsaya a kaina, hularsa a hannu, yana cewa in sake dubawa. Na sake dubawa. Ya ce littattafan Gwandu? Na ce suna ciki. Ya ce tsofaffin faifan? Na buɗe masa littafin aiki, inda na ja layi biyu. Ya zauna a kujerar Mufida.

Ta kira ni sau uku, ban ɗauka ba. Ta kira shi. Ina jin muryarta siririya daga wayar: a duba Bayos, don Allah a duba Bayos. Ya ce, "Bayos ɗin da kika shiga kika jagwalgwala? Ba wanda zai ƙara taɓa shi." Ya kashe.

Sannan ya tambaye ni, kai tsaye. "Malama Ruƙayya, tsakaninki da Allah. Abin da yarinyar nan ta yi ne ya jawo wannan?"

Na ce, "Yana da alaƙa da shi."

Ba ƙarya ba ce. Na auna ta kafin in faɗa, kalma-kalma, ba inda za a kama ni. Digiri biyu suna da amfaninsu.

Ya ce shi ya san tun farko bai kamata a bar 'yan kasuwa su taɓa kayan ilimi ba. Mutumin da ya yi tafi. Ya ce zai kira wani Injiniya Zubair daga Birnin Kebbi gobe, kada in taɓa komai, kuma in kwantar da hankalina game da ƙarshen wata.

Na samu abin da nake so. Na zauna da shi tun azahar ina juya shi. Kamar an ba ni takalmin wata.

Nufina gobe in bar Zubair ya gaji, sannan in "gano" matsalar a gaban kowa. Minti goma. Ba wanda zai rasa komai. Sai ita.

Laraba, 11 ga Yuni.

Ta iso da safe, zanenta jiƙe da laka har gwiwa, ta tako rabin hanya da ƙafa. Dakta ya karɓi makullinta a baranda, a gaban Godwin da mai shara. Ba ta yi gardama ba. Ta dube ni sau ɗaya, ba duban zargi ba, duban mai jiran a ce wani abu. Na gyara gilashina. Ta je ta zauna a gindin darbejiya.

Zubair ya zo da ƙarfe goma sha ɗaya, da turare da jaka mai taya. Ya zare katin ya shinshina. Ya ce an "raba wa faifan wuta," uku sun ƙone, irin aikin masu gyaran waya ke nan. Dakta na gyaɗa kai. Na yi shiru ina jin daɗin jahilcinsa, ina jiran lokacina.

Sai na ga ya mayar da katin ya buɗe shafin faifai. Na'ura ta nuna faifan nan guda, ta ce ba ta gane abin da ke kansa ba, ko a shirya shi sabo? Ya ce, "Yauwa. Bari mu ceci wannan ɗayan tukuna." Ya kai kibiya kan amsar.

In ya goge wannan, saura uku, kuma ba sauran kariya. Na kuma san irinsa. In ya ga sauran daga baya haka zai bi su ɗaya-ɗaya, yana ceto.

Ba na tuna na yanke shawara. Na dai ji muryata ta ce, "Ɗauke hannunka." Da ƙarfi, har Malam Abu ya leƙo. Zubair ya ce, "Hajiya, aikina nake." Na zare wayar kibod daga jikin saba na riƙe a hannu.

A nan zan iya zama in gyara da kaina. Kujera na nan, Dakta na kallo, labarin zai zama nawa, har da hoto wataƙila. Na tsaya da wayar a hannu. Ta taga ina hango ta tana kankare laka daga takalmi da tsinke.

Na fita na ce, "Taso."

Ta ce an hana ta shiga. Na ce na ji. Na ciro batirin daga jaka na sa mata a tafin hannu. Ta dube shi. Wallahi daƙiƙa biyu ta ɗauka, abin da ni sai da na gani a rubuce. Ta ce, "Bayos ya manta."

Ta shiga ta wuce Dakta kamar ginshiƙi. Ta kashe saba, ta canza batir, ta koma menu, ta raba gurbin gida huɗu, wannan karon ba ta ko nemi sunan ba. Faifai huɗu. Na zauna na tayar da rumbu. Na buɗe jakar Gwandu, na buɗe ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan. Rubutun kakan Baffa ya cika allo, baƙi wuluk, da jan wasali.

Dakta ya yi ta hamdala. Zubair ya ce dama abin da yake shirin dubawa ke nan.

Mufida ba ta yi murna ba. Tana juya kwalin batirin a hannu, ya lanƙwashe, ya sha hoda da tarkacen jaka. Ta ce, a hankali, amma kowa ya ji, "Anti, tun yaushe yake wurinki?"

Ina da amsoshi uku masu kyau. Na ce, "Tun kafin Sallah. Tun ashirin ga Mayu na san zai mutu."

Dakta ya juyo ya dube ni. Esi na ta hura sanyi.

Alhamis, 12 ga Yuni.

Hutu. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Talata, 17 ga Yuni.

Tana gaishe ni, ina amsawa. "Ina kwana, Malama." An daina Anti.

Ban zaci zai dame ni ba.

Juma'a, 20 ga Yuni.

Ba a yi ganawar ba ma. Dakta ya kira ni ofis, ya yi dogon bayani kan amana, yana kallon kalanda. Bai ambaci wanda ya sa aka goge kwafi na biyu ba, ni ma ban ambata ba, ba ni da bakin. Mufida za a riƙe. Zai rubuta mini takardar shaida mai kyau, "domin shekara shida ba wasa ba."

Na ce na gode. Na ce a sayo faifan ajiya kafin Yuli, ko da na aro ne. Ya rubuta a takarda. Karon farko da ya rubuta wani abu da na faɗa.

Na faɗa wa Inna a waya. Duka, ba rabi ba. Ta ce, "To. Ki taho gida ki ci abinci."

Laraba, 25 ga Yuni.

Kwana biyar ina cika wani littafi mai bango ja. Yadda aka haɗa rumbu, abin yi in faifai ɗaya ya mutu, abin da ba a taɓa dannawa komai daɗin bakin na'ura, inda shafin lafiyar saba yake da abin da kowane launi ke nufi. Da Hausa na rubuta, da zane. Ba don ita ba. Don sabar ne, na sha wahala a kanta.

Shafi sittin da biyu. Na sa misalin rumbu da dami a wuri ɗaya. Bai kai na fadama ba, na sani.

Litinin, 30 ga Yuni. Tashar Kalgo, ina jiran mota ta cika.

Na ba ta littafin ranar Alhamis, ta karɓa da hannu biyu. Yau na je kwashe kayana: kofi, darduma, cajar da na yi shekara ina zargin Godwin da ɗauke ta, ashe tana bayan durowa.

Tana zaune a kujerata. Ta miƙe da sauri. Na ce zauna, taki ce.

Ta ce, ba ta dube ni ba, "In tambaye ki? Da mutumin nan bai kai hannu zai goge ba, da kin yi magana?"

Na ce da na gyara, amma da ban kira ki ba.

Ta daɗe tana kallon allo. Ta ce, "Na yi kwana uku ina addu'a Allah ya sa ki ce mantuwa kika yi. Da kin ce haka kuma da ban ƙara yarda da ke ba." Ta ja tsaki kaɗan, ba ni take wa ba. "Kin ci mini kifi, fa."

Na ce yana da daɗi.

Ta kusa dariya, ta danne. Ta jawo jan littafin, duk ta cika gefensa da biro. Ta buɗe shafi na goma sha tara. "Nan kin rubuta gurbi na biyu. Na uku na. Na biyu ba ya rabuwa, na gwada tun ranar farko."

Na duba. Na je na leƙa bayan saba da fitilar waya. Na uku ne.

Na tsaya ina jiran abin nan da ke cakar ƙirjina tun watan Mayu. Ya zo. Amma kamar cizon sauro, na ji shi ya wuce. Wataƙila gajiya ce. Na karɓi bironta na gyara da hannuna, na sa kwanan wata.

Ta ce shafi na arba'in ne ba ta gane ba sam, in faifai ya mutu ana tsakar aiki. Ko za ta iya kira, Anti? Na ce ban da lokacin sallah, kuma ban da safiyar Asabar. Ta rubuta har wannan a gefen shafi.

Na ajiye makullina kusa da kibod. Na ce ta daina barin ƙofa a buɗe, sanyi na fita, sabar tsohuwa ce ba ta son zafi. Ta ce to.

Na ɗauki jakata na fita, na jawo ƙofar a hankali har na ji ta kama.